Falalen da Shanu ke Lasa

A gidanmu da ke Bagudo an daɗe da yanke hukunci cewa ni ce na fi kowa son wahala. Yayyena mata sun karanci jinya da koyarwa, aikin da kowace tsohuwa a unguwa ta san amfaninsa, ni kuwa na tafi jami'a na dawo da guduma a jaka. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne. Rugarsu tana kudu da Illo, kusa da iyakar Benin har ba ka sanin lokacin da saniya ta ƙetara. Shi ya laƙaba mini suna mai kiwon duwatsu. Duk sanda muka haɗu sai ya tambayi lafiyar garkena, ya ce ni kam na huta, dabbobina ba sa gudu, ba sa shiga gonar kowa. Ina taya shi dariya, amma a raina ina cewa wata rana sai na nuna musu.

Bayan rugar tasu akwai wani falalen dutse. A wajejen Illo dutsen yashi ne ko'ina, ja-ja, in ka murza shi da yatsa sai ya zube. Wannan kuwa baƙi ne wuluk, ga nauyi, in ka buga masa ƙarfe sai ya amsa. Ya leƙo daga ƙarƙashin dutsen yashin, ya miƙe yamma, ya ƙetare iyaka bai nuna wa kowa takarda ba. Ina yarinya, in an kai mu hutu ruga, a kansa muke fasa goruba. Sai da na yi karatu na gane dutsen aman wuta ne, wato narkakken dutse da ya taɓa fitowa daga cikin ƙasa yana tafasa, ya huce, ya daskare tun duniya ba ta san mutum ba. Da lokacin digirin digirgir ya zo aka ce kowa ya zaɓi inda zai yi bincike, ban yi dogon tunani ba, na ce falalen bayan rugar kawuna.

Tambayar da na ɗauka ita ce wadda ake fara yi a kan baƙo: ɗan ina ne? Doron ƙasar nan ba dunƙule ɗaya ba ne. Ɓangarori ne manya-manya kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, kuma suna motsi a hankali, motsin da rayuwar mutum ba ta isa ya gani ba. Dutsen aman wuta yakan fito inda ɓangarori biyu ke rabuwa, ko inda ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin ɗaya a bakin teku, ko kuma a tsakiyar ɓangare inda zafi ya hudo daga ƙasa, irin na Biu da na tudun Jos. Kowane wuri yana barin shaidarsa a jikin dutsen, sai dai ba da ido ake ganin ta ba. Sai an niƙa dutsen ya zama gari, an sa a na'ura ta faɗi sinadaran da ke ciki da yawan kowanne, sannan a ɗora sakamakon a kan wasu zane-zane da masana suka tsara, a ga ɗakin da ya faɗa.

Su ma sinadaran hali biyu gare su. Akwai 'yan yawo, irin su sodiyam, ruwa kaɗan ya isa ya kwashe su ko ya kawo su. Akwai 'yan zaman gida, irin su niyobiyam da zakoniyam, waɗanda tun ranar da dutsen ya daskare suna nan inda aka bar su. Malamina mai duba aikina mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya ko ta kaji, amma ya san aikinsa. Kullum yana ce mini in fi sauraron 'yan zaman gida, su ba sa ƙarya.

Na ɗebi samfurina a wani kwazazzabo da ruwa ya yanke a gefen falalen, inda cikin dutsen yake a buɗe, sabo fil, rana da ruwa ba su ci shi ba. Haka aka koya mana. Na fasa, na niƙa, na aika da garin wani ɗakin gwaji da ke da na'urar da tamu ba ta kai ta ba. Da sakamako ya dawo na ɗora shi a zane, duk samfuran suka taru a ɗaki ɗaya: sodiyam daidai wa daida, niyobiyam ƙanƙane. Wannan ita ce shaidar dutsen da aka haifa inda ɓangare ke nutsewa ƙarƙashin ɓangare. Ma'ana, a wani zamani can akwai teku yamma da mu, ya rufe, kuma falalen da muke fasa goruba a kansa a bakin wannan tekun ya fito. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a ofis.

Murnar ba ta yi nisa ba. Akwai wani dattijon farfesa, babba ne a fagenmu, wanda tun yana saurayi ya taɓa zuwa falalen nan. Na'urorin zamaninsa manyan sinadarai kawai suke gani, ba sa ganin su niyobiyam. Ya auna ya samu sodiyam mai yawan gaske, irin na duwatsun tsakiyar ɓangare, sai ya rubuta cewa dutsenmu ɗan'uwan na Biu da Jos ne. Tun daga nan kowa abin da yake maimaitawa ke nan, mu ma haka aka karantar da mu. Kuma shi ne aka zaɓa ya zo daga waje ya jarraba ni ranar kare aikina.

Kafin wannan rana akwai zaman da ake yi a cikin sashe, ɗalibi ya gabatar, malamai su yi masa tankaɗe da rairaya. Ina gama magana wani malami ya ɗaga hannu ya ce dutse ɗaya ba ya da sodiyam biyu, dole ɗayanmu ya yi kuskure, kuma shi dai ya san wanda ya fi daɗewa a aikin. Wani ya ce wataƙila can ɗakin gwajin sun haɗa garina da na wani. Na ce ranku ya daɗe, in sun haɗa samfuri ɗaya na yarda, amma duka? Malamina ya yi mini alama da ido in yi shiru, ban yi ba, sai da na ƙara biyu a kai. Daga ƙarshe shugaban zaman ya yanke magana: kafin zangon karatu ya ƙare in kawo bayanin inda sodiyam ɗin farfesa ya fito, in ba haka ba a ajiye aikin nan gefe, a ba ni wani wuri in faro daga tushe. Ni kuwa hutun karatun da wurin aikina ya ba ni a shekarar zai ƙare, kuma ba a ƙarawa. Faro daga tushe a wurina yana nufin komawa gida da guduma ba digiri.

A ofishinsa malamina ya ba ni shawara irin ta masu son zaman lafiya. Ya ce, "Malama, ki rubuta cewa sakamakon bai yanke hukunci ba, yana iya zama haka, yana iya zama haka. A bar kaza cikin gashinta, ki karɓi takardarki."

Na ce, "Malam, ku kuka ce 'yan zaman gida ba sa ƙarya. Yanzu ni zan yi a madadinsu?"

Ya ce to ruwa dai ba ya tsami banza, farfesa ba mutumin da zai ƙirƙiri lamba ba ne, in har ya ce ya ga sodiyam to ya gani. Ya ɗauki waya ya kira shi a gabana, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya miƙo mini. Na tambaye shi a wane ɓangare na falalen ya ɗebi nasa samfurin. Dattijon bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Ya ce bai manta ba, a can sama ne, tsakiya, inda dutsen yake fes yana sheƙi, ɓawonsa na ɗagowa da sauƙi. Ya ce bai taɓa ganin dutse mai tsabta irin wannan ba.

Damina na shirin ɗauke ƙafa na kama hanya. Na kwana Bagudo, inna ta dube ni ta dubi jakar guduma ta ce har yanzu ba a gama ba? Na ce saura kaɗan, alhali ni kaina ban san saura me ba. Washegari muka ƙetare kogin Kwara, motar ta sauke ni Illo ranar kasuwa, Hausa da Dandanci da Fulatanci da Faransanci duk a tukunya ɗaya. Daga nan na hau babur, muka ratsa gonakin dawa da ta fara nuna, har ruga. Na tarar kawu ya fita da shanu, na gaida matan gida, na sha nono, na ɗauki jakata na nufi falalen.

Wurin da farfesa ya kwatanta bai yi wuyar samu ba. A tsakiyar falalen akwai fili kamar faɗin ɗaki, santsi gare shi, yana ɗaukar ido, da 'yan ƙananan kwarmi marasa zurfi. Sauran dutsen duk gansakuka da ƙura, nan kuwa kamar an wanke an goge. Na durƙusa na ɓanɓaro ɗan ɓawo da guduma.

Mu masu aikin dutse muna da wata ɗabi'a da ba ma faɗa wa surukai. In ka fasa dutse kana son ganin ƙwayoyinsa da kyau sai ka jiƙa shi, kuma ruwan da ya fi kusa shi ne yawu. Lasa muke yi. Na kai ɓawon bakina ba tare da tunanin komai ba, na lasa, sai na tofar. Na sake lasa a hankali. Dutsen aman wuta ba shi da ɗanɗano, na lashi ɗaruruwansu. Wannan kuwa yana da wani ɗaci-ɗaci mai santsi a harshe, ɗanɗanon da na sani tun ina goye, wanda ke fitowa in hannun inna ya zarce a tukunyar wake. Kanwa ce.

Na zauna daɓas a kan dutsen. Mutane na ɗaukar kanwa wani abu ne daban, amma duk wanda ya auna ta ya san sodiyam ce ta cika ta. Na ciro 'yar kwalbar asid da muke yawo da ita, na ɗiga a kan ɓawon, sai ga shi yana kumfa, yadda kanwa ke yi in asid ya taɓa ta. Na gangara kwazazzabo da gudu, na ɗiga a kan dutsen da na ɗebi nawa samfurin, shiru kake ji. Na hawo na sake ɗigawa a sama, ya sake yin kumfa. Ina cikin wannan hawa da sauka na ji ƙarar kofato.

Shanun kawu ne suka dawo, kuma ba ruga suka nufa ba, kaina suka yo, suna ture juna. Na tashi na ba su wuri ba shiri. Suka kewaye filin nan mai sheƙi suka kafa kai suna lasar dutsen da babu komai a kansa. Can baya ga kawu da ƙullin buhu a kafaɗa. Ya ratsa su, ya kwance buhun, ya barbaɗa dakakkiyar kanwa a cikin kwarmin nan ɗaya bayan ɗaya, shanun suka rufa a kai. Na sha ganin haka ina yarinya, amma abin da ido ya saba gani ba ya tambayarsa. Ashe santsin nan da sheƙin nan aikin harshe ne.

Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, tun yaushe ake ba shanu kanwa a nan?"

Ya ce, "Ke ɗiyag ga, wace irin tambaya ta wagga? Nan na iske babana shina zuba ma su, shi ko nan ya iske nashi. Har na ƙetare nan suka kawo nasu bisashe in damana ta yi. Dutsi ba shi shanye kanwa kamar ƙasa."

Na ce a raina, yana shanyewa kawu, kaɗan-kaɗan, ta tsaguwa da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwan sama ya narka ta, ta shige, rana ta busar, baɗi a ƙara wata. Sai na ce masa ina so in fasa wurin in ɗebi samfuri daga sama har ciki.

Nan fa fuskarsa ta canja. Ya dubi gudumata kamar ya ga maciji. Ya ce, "Aradu ba ki taɓa wurin ga. Ki tahi can cikin kwazazzabo ki yi ta hwashe-hwashenki, ban hana ki ba. Nan in kin bar kaihi, nagge ta lasa ta yanke halshe, ta bar cin ciyawa, mi za ki ce man?"

Na yi bayani, bai saurara ba. Na yi magiya, ya juya mini ƙeya yana duba ƙafar wata saniya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga abin da nake nema a gabana, ga tsoho ya tsaya a kai. Amma gaskiya tasa ce, ɓawon da na ɓanɓara ɗazu ya bar baki mai kaifi kamar aska. Sai na bar maganar sodiyam, na faɗa masa abin da zai gane. Na ce manya sun ce aikina ƙarya ne, kuma shaidata tana ƙarƙashin harshen shanunsa, in ban kai ta ba shekarun nan duka sun tafi a banza, zan dawo gida mai kiwon duwatsu da ko ɗan maraƙi ba ta samu ba. Na yi alkawarin duk inda na fasa sai na goge shi ya koma sumul kafin in bar rugar.

Ya juyo yana tauna asawaki. Ya ce, "Sun ce ɗiyar yayata na ƙarya?" Ya tofar da asawakin. "Kawo babbar gudumar."

Da safe, bayan shanu sun fita da sauran mutanen ruga, muka hau aiki. Shi ya zaɓi wurin, a gefen filin lasar, inda akwai tsohuwar tsaguwa. Ni na riƙe ƙarfe, shi yana dukansa, in ya gaji mu canja. Muka ɗago ɓawon sama na sa a leda daban, muka ɗago na ƙarƙashinsa, muka ci gaba da nutsawa har muka kai inda asid ya daina kumfa, muka wuce nan ma. Na ɗebi wani ɓawon daga can nesa inda shanu ba sa zuwa, na roƙi dunƙulen kanwa daga buhunsa. Sannan na cika alkawari. Na samo guntun dutsen yashi da ruwa a ƙwarya, na durƙusa ina gurza bakin ramin har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Duk sanda na ce na gama sai kawu ya zo ya shafa da cikin hannunsa, ya girgiza kai, ya koma inuwa. Sai da la'asar ta yi sanyi ya shafa ya ce to, yanzu ko jinjiri ya lasa. Ragowar ramin muka cike da tsakuwa da laka.

Jiran sakamako ya fi gurzar dutse wuya. Wannan karon na raba kowane gari biyu, rabi na aika yadda yake, rabi na wanke shi da ruwa tukuna. Ranar da amsa ta zo ban buɗe ni kaɗai ba, na tafi ofishin malamina muka buɗe tare. Ɓawon sama ya ba da sodiyam mai yawa, kusan daidai da na farfesa. Na ƙarƙashinsa ya ragu, na can ciki ya koma daidai da na kwazazzabo. Garin da na wanke kuwa, sodiyam ɗin da ya yi yawa ya bi ruwa ya tafi. Su niyobiyam da zakoniyam ko gezau, daga sama har ƙasa abu ɗaya suke faɗa. Malamina, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya buga tebur ya ce Allahu Akbar, har sakatariya ta leƙo.

Ranar kare aiki na shiga da takarduna da ƙullin leda guda biyu. Farfesan ya zo da farar riga da sanda, ya tsufa ƙwarai amma idonsa tar. Malamin nan da ya ce dutse ɗaya ba ya da sodiyam biyu yana zaune a layin gaba ya harɗe hannu. Na yi bayanin teku da ya rufe, na nuna zane-zanena, sannan na zo kan maganar da kowa ke jira. Na ce farfesa bai yi kuskuren awo ba, abin da ya gani yana nan, ni ma na auna na gan shi. Sai dai sodiyam ɗin ba na dutsen ba ne, baƙo ne, makiyaya suka kawo shi a buhu. Na nuna yadda yake raguwa daga sama zuwa ciki, da yadda ruwa ke wanke shi, da hoton shanun kawu sun kafa kai. Sannan na kwance ledojin na ajiye a gabansa, ɓawon dutse da dunƙulen kanwa.

Dattijon ya ɗauki ɓawon ya juya shi, ya cire tabarau, sai ya yi abin da duk ɗan sana'armu zai yi: ya lasa. Ya ɗan yamutsa fuska. Ya taɓa kanwar da harshe ita ma. Sai ya fashe da dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki.

Ya ce, "Da rani na je. Babu saniya ko ɗaya, duk sun yi kudu sun ƙetare iyaka neman ruwa. Na zagaya dutsen nan kaf ina neman wuri mai tsabta, na samu, har ina yaba wa kaina. Ashe akushin shanu na ɗiba." Ya goge ido ya dube ni. "Kanwa uwar gami, ta so ta haɗa ni faɗa da 'yata."

Kada a ɗauka daga nan ya sake ni. Ya mai da tabarau ya shiga yi mini tambayoyi, wasu ban taɓa tunaninsu ba. Ya tambaye ni me ya sa na amince da wannan zane ban amince da wancan ba, me zai sa niyobiyam ya yi ƙaranci ban da nutsewar ɓangare, me na sani game da duwatsun da ke can cikin Benin. Inda na sani na amsa, inda ban sani ba na ce ban sani ba. Ya ce sinadarai kaɗai ba sa yanke shari'a, sai an haɗa da abin da ƙafa ta taka ido ya gani, na ce haka ne, kanwa ta koya mini. Aka fitar da ni waje suka yi shawara. Da aka kira ni na dawo, sai dattijon ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye, ya ce, "Bismillah, Dakta, zauna." Sauran ma suka miƙe, har da mai harɗe hannu.

Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma ban ɓoye ba. A bakin ƙofa na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba, ta fito a karkace, ɗalibai suna ta dariya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ni kam na ci gudun kuma ga zomona a hannu. Kafin ya shiga mota farfesa ya ce in ƙara shafi guda a littafin, in gargaɗi duk mai zuwa ɗibar samfuri a ƙasar makiyaya ya fara tambayar inda ake ba shanu kanwa. Na ƙara, kuma shafin ya fi kowanne yi mini daɗin rubutawa.

Da damina ta kewayo na koma. A Bagudo inna ta tara mata aka yi ta shigowa ganin Dakta, wata tsohuwa har ta nuna mini gwiwarta da ke ciwo. Amma hankalina na ruga. A kasuwar Illo na sayi buhun kanwa, mai babur ya ɗaure shi a baya, na zauna a kai har muka isa.

Na sami kawu a gindin falalen, shanu na kiwo nesa kaɗan. Ya dubi buhun ya dube ni, ya ce, "To, mai kiwon duwatsu, an gano? Dutsin namu ɗan ina na?"

Na ce, "Ɗan bakin teku ne, kawu. A nan inda muke tsaye ƙasa ta taɓa nutsewa ƙarƙashin ƙasa, teku ya rufe, shi kuma ya fito yana wuta."

Ya waiga gabas da yamma, ƙasar da in rani ya yi sai sun yi tafiyar kwanaki kafin shanu su sha ruwa su ƙoshi. Ya ce, "Teku. Nan." Ya girgiza kai. "Kuma manyan sun yarda?"

Na ce, "Har tsaye suka miƙe."

Ya sunkuya ya kwance bakin buhun, ya ɗebo kanwa ya dake ta a kan dutse, sannan maimakon ya hau da kansa sai ya juye mini a ƙwarya. Na hau falalen, na wuce inda muka fasa bara, laka ta zauna, bakin yana nan sumul. Na barbaɗa kanwar a cikin kwarmin ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ina sane sarai da abin da nake ƙara wa dutsen. Kawu ya sa hannu a baki ya yi kira, shanun suka ɗago kai gaba ɗaya suka taho da sassarfa.

Ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "Dakta, matsa gefe! Garkena za shi gaida naki."

Na matsa, na zauna a kan baƙin dutsen da ƙwaryar a cinyata, ina jin ƙarar harsunansu a kansa har kanwar ta ƙare.